Yadda za ka bi tarihin dirar laima ta sojojin Birtaniya

Kafin ka nemi littafi, nemi taswira da fensir. A kowane yaƙi ka sa alama biyu: inda aka sauke sojojin, da inda aka ce su kama. Ni da wannan tazara nake auna kowace dira; ita ce tambaya ta farko.

Fara daga Yunin 1940, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Firayim Minista Churchill ya ce a kafa rundunar mutum 5,000 masu dira da laima, aka shiga horar da su a filin jirgin Ringway kusa da Manchester. Dirar farko, ta Fabrairun 1941 a kudancin Italiya, kada ka daɗe a kanta: sun fasa gadar ruwan Tragino, aka kame su duka. Wadda ta isa a zauna mata ita ce ta Bruneval a gaɓar tekun Faransa, Fabrairun 1942. Manjo John Frost da mutum kusan 120 suka dira cikin dare, suka kwance na'urar radar ta Jamusawa, jiragen ruwa suka kwashe su. Riƙe sunan Frost, yana nan tafe.

Daga nan sai ka koyi tantancewa, don ba duk wanda ya sauko daga sama ne ya zo da laima ba. Waɗanda suka kama gadar Pegasus a Normandy ranar 6 ga Yuni, 1944, jirage marasa inji ne suka kai su. Masu laima na daren nan ka neme su a Merville, inda bataliyar Terence Otway ta warwatse cikin duhu. Cikin mutum kamar 600, wajen 150 kaɗai suka taru, da su aka afka wa igwogin Jamusawa da ke wurin. To ga tambaya ta biyu: nawa suka dira, nawa suka haɗu?

Arnhem kuwa, a Holan, ka ba ta lokacinka sosai. Ranar 17 ga Satumba, 1944, aka sauke su kusan kilomita 13 daga gadar da aka aike su kamawa, kuma ba a rana ɗaya ba, saboda jirage ba su isa ba. Ga rundunonin tankokin SS na Jamus biyu suna hutawa a yankin. Frost ya kai bakin gadar ta arewa da mutum 700 da 'yan kai, ya riƙe ta fiye da kwana uku yana jiran sojojin ƙasa da za su zo daga kudu. Shiru kake ji. Cikin kusan 10,000, waɗanda suka tsallako kogin Rhine suka tsira ba su kai 2,500 ba. A ganina tun kan teburin shiri aka faɗi wannan yaƙi, ba a titunan garin ba. Tambaya ta uku ke nan: yaushe agaji zai iso?

Sai ka kwatanta da dirar 24 ga Maris, 1945, kusa da Wesel a Jamus, bakin kogin Rhine: rana ɗaya, ido na ganin ido, dab da inda ake nema, bayan sojojin ƙasa sun riga sun fara ƙetare kogin.

Ka tsaya a 5 ga Nuwamba, 1956, filin jirgin El Gamil na Port Said a Masar, lokacin rikicin Suez. Ita ce dira ta ƙarshe da bataliya guda ta yi a fagen fama. In ka ga sunan sojojin laima a yaƙin Falkland na 1982, kada ka sa su a lissafi. Ta jirgin ruwa suka isa, suka ƙarasa da ƙafa.