Kada jini ya bushe a kan kayan tiyata

Abokan aiki masu kula da kayan ɗakin tiyata, da zarar an kammala aiki, ku buɗe kowane almakashi da hantsakin matse jijiyar jini da mariƙin allura, sannan ku lulluɓe su da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwa kafin su isa wurin wanki.

A zafin Sakkwato, musamman a watan Afrilu da yakan haura digiri 40, jini yana saurin bushewa, kuma inda ya fi maƙalewa shi ne mahaɗar ƙarfen da ƙananan haƙoran bakinsa, wuraren da buroshi ba ya shiga da sauƙi. Danshin yana rage muku wahalar gogewa.

Kada ku jiƙa tsumman da ruwan gishirin ƙarin ruwa, ko da shi ne a kusa, domin gishirin yana cin ƙarfe har ya bar masa ƙananan ramuka. Na sha ganin almakashi mai tsada na yanka nama mai laushi, wanda ake kira Metzenbaum, ya lalace ta haka.

Dabarar ba ta maye gurbin wanki da turarawa a injin kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba ta da amfani idan kayan za su kwana ba a wanke ba.