Darasi na Tara: Katin Shaida Kafin Shiga Jirgin Sama

A tashar mota, in ka biya kuɗinka, ɗan kamasho zai miƙo maka littafi ka rubuta sunanka da lambar wayar wani naka, shi ke nan. Ba mai cewa ka nuna shaidar cewa kai ne. In ma ka fasa tafiya, ƙanenka zai iya zama a kujerar. A filin jirgin sama ba haka abin yake ba. Tikiti na mutum ɗaya ne, wanda sunansa ke jiki, kuma ba za a bari ka wuce ba sai ka nuna kati mai hotonka da wannan sunan. Ko da tafiyar daga Kano zuwa Abuja ce, wadda kusan awa ɗaya ce a sama, sai ka nuna.

Dalili biyu ne. Na farko tsaro, don a san wanda ya shiga jirgi. Na biyu, kowane jirgi yana tashi da jerin sunayen fasinjojinsa, kuma in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, da wannan jerin ne za a nemi dangi. In sunan wani ne a rubuce alhali wani ne a kujera, an shiga ruɗani.

Katunan da ake karɓa

Ba a bukatar biza don tafiya a cikin Najeriya, kuma ba dole ba ne sai da fasfo. Guda ɗaya daga cikin waɗannan huɗu ya isa:

Katin ɗan ƙasa, ko takardar NIN mai hoto, daga NIMC, hukumar rajistar 'yan ƙasa.
Katin zaɓe na dindindin, na roba, daga hukumar zaɓe ta INEC.
Lasisin tuƙi, daga Hukumar Kiyaye Haɗurra.
Fasfo, daga Hukumar Shige da Fice.

Mafi yawanmu takardar NIN ce a hannunmu, domin tun daga watan Disamba na 2020 da gwamnati ta ce a haɗa layin waya da NIN mutane suka yi ta tururuwar yin rajista. Hukumar NIMC kanta an kafa ta da doka tun 2007. Lambar NIN lambobi 11 ce. Wanda ya manta tasa zai iya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi, a cire masa ɗan kuɗi kaɗan, lambar ta fito. To amma ku lura, lambar kaɗai ba shaida ba ce a filin jirgi. Ma'aikaci fuska yake son gani ya gwada da taka, don haka takardar mai hoto ake nema. Takardar kuwa ba ta da ƙwari. In ta daɗe a aljihu, gumi ya taɓa ta, hoton sai ya dushe har mai shi ma ya kasa gane kansa. A kai ta shagon masu kwamfuta a liƙa mata leda tun tana sabuwa, in kuma ta riga ta lalace a sake bugo wata.

Katin zaɓe ba ya da ranar ƙarewa, sai dai ɗan shekara 18 zuwa sama kaɗai ke da shi. Lasisin tuƙi da fasfo kuwa suna mutuwa. Lasisi na shekara 3 ne ko 5, fasfo na shekara 5 ko 10. Alhazai da yawa suna da fasfo a ƙasan akwati tun na aikin Hajji, kuma yana aiki sarai a jirgin cikin gida matuƙar bai ƙare ba. A buɗe shafin da ke da hoto a duba kwanan watan ƙarshe kafin a dogara da shi.

Akwai abubuwan da mutane ke ɗauka shaida ce alhali ba ita ba ce. Katin ATM ba shaida ba ne, haka lambar BVN, haka katin asibiti da na ƙungiyar 'yan kasuwa. Katin wurin aiki ko na makaranta, wani kamfanin jirgi kan karɓa, wani ya ƙi. Hoton kati a cikin waya ko kwafin da aka yi a inji shi ma haka yake, ya danganta da wanda ka tarar a kantar filin jirgi. Ni dai ba zan ba mutum shawara ya bar gida da abin da sai an yi masa alfarma ba. A tafi da kati na asali a hannu.

Inda gizo ke saƙar: rubutun suna

Yawancin waɗanda ake tsayarwa a kanta suna da kati. Matsalarsu ita ce sunan da ke kan katin daban, na kan tikiti daban. Mu Hausawa abin ya fi shafarmu, domin suna ɗaya muna rubuta shi iri-iri da boko. Ku dubi waɗannan a kan allo:

MUHAMMAD, MUHAMMADU, MOHAMMED
AISHA, AISHAT, AISHATU
USMAN, USUMAN, UTHMAN
SULEIMAN, SULAIMAN, SULE

A kunnenmu duk ɗaya ne. A wurin kwamfuta da ma'aikacin da ke gabanta, ba ɗaya ba ne. Bambancin harafi ɗaya wani lokaci a kan kau da kai, wani lokaci a tura ka ofishin tikiti a gyara, kuma gyaran kan zo da biyan kuɗi da ɓata lokaci, jirgi kuwa ba ya jira.

Wanda ya fi wannan muni shi ne sunan rana da laƙabi. Ga tsohuwa, duk unguwa Hajiya Ladi ake ce mata, jikokinta ma ba su san sunan yankanta ba. Jikan ya ɗauki waya ya saya mata tikiti da sunan LADI. A katinta kuwa HAUWA ne a rubuce. Wannan ba kuskuren harafi ba ne, a wurin kamfani mutum biyu ne, kuma galibi ba su yarda a sauya sunan tikiti gaba ɗaya. Haka Ɗanjuma da Tanko da Talatu, haka Binta da ke Fatima a kati, haka Habu ko Garba da ke Abubakar. Alhaji da Hajiya da Malam kuwa girmamawa ce, ba a sa su a gurbin suna.

Sai matan aure. Wata ta yi katin ɗan ƙasa tana budurwa da sunan mahaifinta, yanzu maigida ya zo sayen tikiti ya sa nasa sunan a bayan nata. Ba laifi ya yi ba a al'ada, amma katin bai san da auren ba. Abin da ke kan kati shi za a bi.

Saboda haka ga ƙa'idar, kuma ita ce zuciyar wannan darasi: kati ake fara ɗaukowa, sannan a sayi tikiti. Ko ɗanka ne zai saya maka a waya, ko ejan, ko yaron shagon intanet, kada ka faɗa masa sunanka da baki. Miƙa masa katin da za ka tafi da shi, ya kwafa harafi bayan harafi. In ya gama, kafin a biya kuɗi, ka ɗora yatsa a kan katin ka bi haruffan da kanka kana gwadawa. Ranar da karatun nan da kuke yi zai yi muku rana ke nan.

In kana da kati biyu kuma rubutun sunanka ya bambanta a jikinsu, zaɓi ɗaya, a sayi tikiti da shi, ka tafi da shi. Gyaran suna a NIN aiki ne na daban, ana biyan kuɗi, a kan nemi takardar rantsuwa daga kotu, kuma ba a rana ɗaya yake fitowa ba. Ba aikin da ake farawa ana gobe tafiya ba ne.

Karanta tikitinka

A kan tikiti sunan mahaifi ko na iyali ne kan zo farko, sai a ja layi, sannan naka. Wanda sunansa Musa ɗan Ibrahim zai ga IBRAHIM/MUSA. Kada ya tsorata ya ce an juya masa suna, haka tsarin yake. Za ka kuma ga wasu haruffa gauraye da lambobi, galibi guda 6. Wannan ce lambar da kamfani zai nemo tafiyarka da ita a kwamfuta. Rubuta ta a takarda ka sa a aljihu, ko da cajin waya zai ƙare.

Garuruwa kuma da haruffa uku ake taƙaita su. KAN Kano ce, ABV Abuja, LOS Legas, KAD Kaduna, SKO Sakkwato, MIU Maiduguri, YOL Yola. Lokaci kuwa da lissafin awa 24 ake rubuta shi. 07:30 bakwai da rabi ce ta safe. 14:00 ƙarfe biyu na rana. In lambar farko ta wuce 12, cire 12, abin da ya rage shi ne lokacin rana, yamma ko dare.

A filin jirgi

Kada ka sa katinka a cikin babbar jakar da za a auna a tafi da ita, domin ba sau ɗaya za a nema ba. A kan tambaya a ƙofar shiga, a tambaya a kanta inda ake awon kaya ana ba da katin shiga jirgi, jami'an tsaron FAAN, hukumar da ke kula da filayen jiragen sama, su duba a wurin bincike, wani lokaci a sake dubawa daf da shiga jirgi. Ka isa da wuri, awa biyu kafin tashi, domin ana rufe kanta da rabin awa ko fiye kafin lokacin da ke kan tikiti. Mai tashi daga Legas kuma ya tambaya tun a gida ta wace tasha kamfaninsa ke tashi, don tashoshin jiragen cikin gida biyu ne a can, MMA2 da GAT.

Mutum biyu su tashi su karanta wannan hira:

Ma'aikaciya: Sannu da zuwa, Baba. Ina zuwa?
Fasinja: Yawwa, sannu 'yata. Abuja za ni. Ga tikitin, yarona ya bugo mini.
Ma'aikaciya: To Baba, a ba ni katin shaida.
Fasinja: Ga na zaɓe. Ko sai na ɗan ƙasa?
Ma'aikaciya: Wannan ma ya yi. Baba, ɗan cire tabarau in ga fuska. Madalla, suna ya yi daidai. Kaya nawa ne?
Fasinja: Jaka ɗaya ce, sai wannan ƙaramar ta hannu.
Ma'aikaciya: A ɗora babbar a kan sikeli. Ga katin shiga jirgi, ga kuma katinku. A riƙe su a hannu, Baba, za a sake tambaya a gaba.
Fasinja: Allah ya yi miki albarka.
Ma'aikaciya: Amin, Baba. Allah ya kiyaye hanya.

Mace mai niƙabi ita ma dole a ga fuskarta a gwada da hoto. Ba abin jin kunya ko faɗa ba ne. Ta ce a haɗa ta da jami'a mace, ta ɗaga a gefe, a wuce wurin.

Yara, baƙi, da wanda katinsa ya ɓata

Jariri ɗan ƙasa da shekara 2 a cinya ake riƙe shi, kuma kuɗinsa bai kai na babba ba. Don haka kamfani na iya neman shaidar shekarunsa. A tafi da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya. Shi ma jariri sai an sa sunansa lokacin sayen tikiti, ba a goyo shi kawai a zo. Yaron da zai yi tafiya shi kaɗai akwai fom na musamman da iyaye ke cikewa, kuma wanda zai tarbe shi a can sai ya nuna nasa katin. Baƙo daga Nijar ko Chadi ko Kamaru da zai hau jirgi tsakanin garuruwan Najeriya, fasfonsa zai riƙe.

In kati ya ɓata ana gab da tafiya, duba ko kana da ɗaya daga cikin sauran ukun. In babu, takardar NIN ce mafi saurin samu, tunda bayananka suna nan a kwamfutar hukuma, sake bugowa kawai za a yi. A kai rahoton ɓatan ga 'yan sanda, sannan a kira kamfanin jirgin tun kafin ranar a ji abin da za su karɓa. Wanda kuma ya ga an zalunce shi alhali takardunsa sun cika, hukumar NCAA, wadda ke sa ido a kan kamfanonin jiragen sama, tana da jami'an karɓar koken fasinja a manyan filayen jirgi. Kada a ba kowa na goro don ya shigar da mutum ba kati.

Aikin aji

1. Ka fito da katinka. Kwafi sunanka a littafi da manyan baƙaƙe, daidai yadda yake a jiki. Miƙa wa na kusa da kai ya duba maka.
2. Sake rubuta shi yadda zai fito a tikiti: sunan mahaifi, layi, sannan naka.
3. An rubuta KAN – LOS 16:45. Daga ina zuwa ina? Ƙarfe nawa ke nan? Ƙarfe nawa ya kamata fasinja ya isa filin jirgi?
4. A katin wata mata an rubuta HADIZA, ƙanenta ya sayi tikiti da DIJE. Me zai faru a kantar filin jirgi? Me ya kamata ya yi tun farko?

Aikin gida: a duba katunan mutanen gida duka. Wanda ke da kati biyu, a gwada rubutun sunansa a jikinsu. Wanda ke da lasisi ko fasfo, a rubuto ranar da zai ƙare, a zo da ita aji mako mai zuwa.