Darasi na Bakwai: Shirin Tafiya Saudiyya Karo na Farko

Wanda bai taɓa wuce Kano ko Maraɗi ba, ranar da ya sauka Jidda zai ga taron da bai taɓa gani ba. A shekarar 2024 mutum fiye da miliyan 1.8 ne suka yi aikin Hajji, kowa da yarensa, maza kuma duk cikin farin harami iri ɗaya. A irin wannan cunkoso har wayayyu ma suna ɓata. Abin da ke mayar da mutum masaukinsa shi ne takardun da ke rataye a wuyansa, da kuma iya karanta lambobin da ke jikinsu. Hukunce-hukuncen ibada malaman bita za su koya muku. Mu a nan maganar hanya za mu yi.

Takardu

Na farko fasfo ne, wanda ake yi a ofishin Hukumar Shige da Fice. Ku buɗe shafin da ke da hotonku, ku nemi ranar ƙarewarsa. Dole ya rage masa aƙalla wata 6 kafin ya mutu. Ku kuma duba sunanku harafi bayan harafi. Idan fasfo ya ce Muhammad, takardar biyan kuɗi ta ce Mamman, to a gyara tun ana gida.

Kuɗin kujera a biya ta hannun Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta jiha, ko kamfanin da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta ba lasisi, a kuma karɓi rasit. A Nijar hukumar COHO ce ke kula da wannan. Duk wanda ya ce zai kai ku aikin Hajji da bizar ziyara a farashi mai sauƙi, ku guje shi. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, mafi yawansu waɗanda ba su da izinin Hajji ne, ba su da tanti a Mina, ba su da motar ɗauka, suka yi ta tafiya a rana.

Sai katin rigakafi mai launin ɗorawa. Allurar shawara da ta sanƙarau ana yin su aƙalla kwana 10 kafin tafiya. Idan an isa can kuma za a ba kowa katin Nusuk, wanda 'yan sanda ke nema a hanyoyin shiga Makka da Harami. Wannan ba a cire shi daga wuya sai wurin wanka. Ku sa yaro ya ɗauki hoton duk takardun nan a wayarku, a kuma bar kwafi ɗaya a gida.

Lambobin Larabawa

Nan ne za mu daɗe, domin nan ne ake yawan cutuwa. Farashin kaya, lambar ɗaki, lambar mota, lambar ƙofa, sau da yawa da lambobin Larabci ake rubuta su. Wanda ke karatu da Alƙur'ani bugun Madina ya saba ganinsu a ƙarshen ayoyi. Ga su:

١ = 1, ٢ = 2, ٣ = 3, ٤ = 4, ٥ = 5, ٦ = 6, ٧ = 7, ٨ = 8, ٩ = 9, ٠ = 0

Ku lura da masu ruɗarwa. Zagayen nan ٥ da kuke gani kamar sifili, biyar ne. Sifilinsu ɗigo ne kawai. Wannan ٦ ya yi kama da bakwai ɗinmu, alhali shida ne. Bakwai ٧ bakinsa a sama yake, takwas ٨ bakinsa a ƙasa. Wani abu kuma: rubutun Larabci daga dama yake farawa, amma lambobi daga hagu ake karanta su, yadda muka koya a aji. Saboda haka ٧٩ shi ne 79, ٥٠ shi ne 50, ٥٠٠ shi ne 500. Ɗigo ɗaya tak ya raba hamsin da ɗari biyar.

Kuɗinsu sunansa riyal. Takardar riyal 5 shunayya ce, 10 ruwan ƙasa, 50 kore, 100 ja, 500 kuma shuɗiya mai hoton Ka'aba. Kowace takarda idan kuka juya bayanta za ku ga lambobin boko. Ku juya, ku duba, sannan ku miƙa. Guzuri kuwa a raba shi gida biyu ko uku, kada a tara shi a aljihu ɗaya, musamman wurin ɗawafi. Kafin ku shiga tasi ku yi ciniki, domin farashi na tashi bayan kowace salla.

Abin da ake ɗauka da wanda ake bari

Goro a bar shi a gida. An hana shiga da shi, duk shekara hukumar alhazai sai ta yi wannan gargaɗi, duk shekara kuma sai an sami wanda ya cusa shi cikin garin rogo. Abin da ya fi wannan hatsari shi ne karɓar saƙo. Wani ya zo filin jirgi ya ce, "Alhaji, don Allah ka kai wa 'yar'uwata wannan ƙunshin," kada kunya ta sa ku karɓa, ko da ɗan unguwarku ne. Hukuncin shiga da miyagun ƙwayoyi Saudiyya yana kaiwa ga kisa, kuma wanda aka kama kayan a hannunsa shi ne mai laifi.

Mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗauki maganin da zai ishe shi har dawowa, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, a jakar hannu. Takalmi kuwa tsoho wanda ƙafa ta saba da shi ya fi sabo. Daga Mina zuwa wurin jifa da dawowa tafiyar kilomita da yawa ce a ƙasa, don haka a fara motsa jiki tun yanzu, ko da zagaya unguwa ne bayan asuba.

Zafi

Mutumin Sakkwato zai ce ya san rana. Ya sani, amma a Hajjin 2024 zafin Makka ya haura digiri 50. A riƙe lema, a sha ruwa tun kafin ƙishi ya zo, kada a fita tsakar rana sai da dalili. Wanda ya ji jiri ya faɗa wa na kusa da shi nan take. Lambar motar asibiti ita ce 997. Agogonsu kuma yana gaban namu da awa 2, watau idan ƙarfe 12 ta yi a Kano, a Makka ƙarfe 2 ce.

Idan an ɓata

Ranar da kuka sauka masauki, ku karɓi katin otal a wurin masu karɓar baƙi, ku sa shi cikin jakar wuya. Da kun isa Harami, ku ɗaga kai ku karanta lambar ƙofar da kuka shiga, ku rubuta ta. Ƙofar Sarki Abdul'aziz ita ce lamba 1, ta Sarki Fahad lamba 79. Masallacin yana da ƙofofi ta kowane gefe, wanda ya fita ta wata ƙofa daban zai tsinci kansa a wata unguwa. Dogon benen nan mai agogo ana hango shi daga nesa, ku lura ko yana damanku ko hagunku lokacin da kuke tahowa daga masauki.

Idan duk da haka kun rasa hanya, ku tsaya, kada ku yi ta yawo. Mai tambaya ba ya ɓata, amma a san wanda ake tambaya. Ku nufi ɗan sanda ko ma'aikaci mai kaki, ku nuna masa katin. Akwai Hausawa mazauna Makka da yawa, kuma za ku ji daɗin jin harshenku a can. Yawancinsu mutanen kirki ne, sai dai jin Hausa kaɗai bai isa ku miƙa wa mutum kuɗinku ko wayarku ba.

Aikin gida

1. Ku rubuta waɗannan da lambobin boko: ١٥ da ٦٠ da ٧٨ da ٢٠٥.
2. Kun sayi darduma riyal ٣٥, kun ba da takardar ٥٠. Nawa ne canjinku?
3. Kuna son kiran gida ƙarfe 8 na dare agogon Kano. Ƙarfe nawa ke nan a Madina?
4. A kan ƙaramin kati ku rubuta cikakken sunanku yadda yake a fasfo, da jiharku, da lambar wayar mutum ɗaya na gida. Ku zo da shi aji mako mai zuwa, malami zai duba.