Babi na 6: Makaroni da Cuku a Kan Wuta

Darasi na 1: Kayan haɗi da karanta awo

Uwargida, makaroni ba baƙo ba ne a Kano. Kin saba dafa shi da mai da yaji, ko da miya, ko jalof. Wannan girkin kuwa da madara da cuku ake yin sa, ya fito da laushi da danƙo, babu tumatir babu manja. Abin da aka auna a nan zai ƙosar da mutum 4.

Ɗauki ledar makaroninki, ki duba ƙasanta. Za ki ga an rubuta 500g. Harafin g yana nufin giram, wato nauyi. Rabin leda muke buƙata, giram 250. Idan ba ki da sikeli, ki juye shi a faranti, ki raba gida biyu daidai da ido, ki mayar da kashi ɗaya cikin leda ki ɗaure. Gajeren nan mai lanƙwasa ya fi dacewa, domin miyar tana shiga cikin raminsa. Ana samun sa a kowane shago na unguwa, masu sayen katan kuma su nufi kasuwar Singa.

Sai bota cokali 3 da fulawa cokali 3. Duk inda littafin nan ya ce cokali, babban cokalin cin abinci yake nufi, kuma shafe. Shafe shi ne ki cika cokalin, ki bi samansa da bayan wuƙa ya zama daidai da baki, babu tozo. Cokali mai tozo yana kusan ninka shafe, kuma fulawar da ta yi yawa tuwo za ta ba ki. Man shanu yana maye gurbin bota, sai dai ƙamshinsa zai fito sosai.

Madara rabin lita. Ki duba ledar fiya wata, idan an rubuta 50cl a jiki, to rabin lita ke nan. Ki ɗan ɗumama ruwan leda ɗaya, ki dama madarar gari cokali 8 a ciki. Idan ta gwangwani ce ta ruwa, ki juye ƙananan gwangwani 2, ki ƙara ruwa gwangwani ɗaya da rabi. Kada ki yi kuskuren sayen mai kaurin nan mai zaƙi da ake shafa wa burodi. Ki ɗanɗana tukuna. In da sukari, ba ta yi ba.

Cuku giram 200. A nan sai an kula, don kalmar cuku tana ɗaukar abubuwa da yawa. Busasshen cukun da ake kawowa daga Nijar ba ya narkewa. Farin cukun Fulani da ake soyawa shi ma ba ya narkewa, balle awara wadda ta waken suya ce. Wanda muke so shi ne wanda aka rubuta wa Cheddar a jiki, sunan wani ƙauye ne a Ingila inda aka fara yin sa. Yana cikin firij a manyan kantuna. Ki karanta harufan da ƙarfi: C, h, e, d, d, a, r. Wanda aka rubuta wa Mozzarella na fiza ne, yauƙi yake yi, ɗanɗanonsa kaɗan. Akwai kuma ƙananan nan masu kusurwa uku da ke zuwa guda 8 a zagayayyen kwali. Idan kin samu, ki haɗa guda 4 a kan Cheddar ɗinki, suna taimaka wa miyar ta yi sumul. Idan su kaɗai aljihu ya iya, ki sayi kwali 2, girki zai yiwu.

Kafin ki biya kuɗi ki nemi harufan EXP ko BB. Lambobin da ke biye da su rana ce da wata da shekarar da wa'adin amfani da kayan zai ƙare. Idan ranar ta wuce, ki ajiye musu kayansu.

Sauran su ne gishiri, masoro daka rabin ƙaramin cokali, tukunya 2 (ɗaya ta zama mai kauri), matsami, ludayi, abin goga kuɓewa, da maburgi ko cokalin katako.

Aikin rubutu: kwafi waɗannan a littafinki sau 3: madara, fulawa, bota, cuku, shafe, 250g, 50cl.

Darasi na 2: Dafa makaroni

Kafin ki kunna wuta, ki goge cukun duka da abin goga kuɓewa, ki rufe a kwano. Idan zafin gari ya sa ya yi laushi yana manne wa magogi, ki mayar da shi firij na minti 15. Madarar ma ta zama a dame, tana kusa da hannunki na dama. Da an fara darasi na 3 babu damar tashi neman wani abu.

Zuba ruwa leda 5 a babbar tukunya, da gishiri cokali 1. Jira ya tafasa sosai, yana juyi, sannan ki zuba makaroni. Ki gauraya a mintin farko don kada ya manne a ƙasa. Duba agogon wayarki: idan ƙarfe 5:10 kika zuba, to 5:17 ki ciro ɗaya ki tauna. Ya kamata ya nuna amma da ɗan ƙarfi a haƙori. Zai ƙarasa nuna a cikin miya, shi ya sa ba a barin sa ya yi luguf.

Ɗebi ruwan dahuwar kofi ɗaya ki ajiye gefe kafin ki tsiyaye. Zai yi amfani. Tsiyaye a matsami, kuma kada ki ɗauraye da ruwan sanyi kamar yadda aka saba. Ɗan danƙon da ke jikinsa shi ne ke riƙe miya. Idan kina tsoron ya dunƙule, ki cuɗa shi da ɗan bota kaɗan ki rufe.

Darasi na 3: Talgen madara

Wannan darasi ki karanta shi sau 2 kafin ki ɗora tukunya. A nan ne yawancin ɗalibai suke faɗuwa, har da waɗanda suka shekara 20 suna tuƙa tuwo. Kada ki karaya. Hannun da ya iya talge ba tare da gudaji ba ya iya wannan.

Ɗora tukunya mai kauri a wuta kaɗan. Idan gas ne, ki murɗa zuwa ƙarami. Idan risho ne, ki rage lagwani. Idan kurfoti ne, ki kwashe rabin garwashin, sauran ki ɗan barbaɗa masa toka. Saka bota cokali 3. Da ya narke, zuba fulawa cokali 3, ki juya ba tsayawa na minti 2. In ba agogo, ki ƙirga 1 zuwa 60 a hankali, sau biyu. Za ki ga yana ƙananan kumfa, ƙamshi kamar na biskit ya tashi. Wannan suyar ita ke kashe gafin fulawa. Launin ya tsaya fari-fari mai ɗan rawaya. Idan ya koma kalar ƙuli-ƙuli, wuta ta yi yawa. Ki zubar, ki wanke tukunya, ki sake. Asarar cokali 3 ta fi asarar cuku.

Yanzu madara. Ludayi ɗaya za ki zuba. Ɗaya tak. Ki burga.

Ga abin da za ki gani: da madarar ta taɓa tukunya za ta yi cuu, nan take komai ya haɗe ya zama dunƙule guda kamar malmalar tuwo, yana bin maburgi. A daidai nan ne zuciya take tsinkewa, sai mace ta ce ya lalace, ta ɗauki kwanon madara ta kwarara duka don ta ceto shi. Bai lalace ba. Haka ake so ya yi. Ki ci gaba da juyawa har madarar ta ɓace a cikinsa, ba kya ganin ruwa a gefen tukunya.

Sannan ludayi na biyu. Ki burga har ya shanye. Dunƙulen zai ɗan saki, ya zama kamar kwaɓin fanke mai kauri. Ludayi na uku. Ki burga har ya shanye. Ki bi da maburgi ta gefe-gefe da lungun ƙasan tukunya, can fulawa take laɓewa ta kama. Ludayi na huɗu. Ki burga har ya shanye. Sai kin ga ya koma ruwa-ruwa, sumul, yana zuba daga maburgi kamar kunu, sannan za ki iya tsiyaya sauran madarar a siririn zare, hannu ɗaya na zubawa, ɗaya na juyawa.

Dalilin wannan wahala kin riga kin san shi daga koko. Gari idan ruwa mai yawa ya auka masa lokaci guda, bayansa ya jiƙe ya rufe, cikinsa ya zauna a bushe. Gudaji ke nan. Idan ruwan kaɗan ne, babu inda ƙullutun zai gudu, maburgi yana murƙushe shi a jikin tukunya. A cikin ruwa mai yawa kuwa yawo kawai zai dinga yi, kina bin sa yana zillewa.

Mu maimaita tare, da baki: ludayi ɗaya, burga, ya shanye. Ludayi ɗaya, burga, ya shanye. Rubuta shi da babban baƙi a takarda, ki liƙa a bangon kicin inda idonki zai kai.

Haba uwargida, duka-duka aikin nan bai wuce minti 4 ba. Ana faɗa a aji, kowa ta gyaɗa kai, sati ya zagayo a dawo da labarin gudaji. In aka bincika, sai a tarar waya ce ta yi ƙara, ko yaro ya yi kuka, ko an ga dunƙule an firgita. Wayar ta jira. Yaron a miƙa wa yayarsa. Wadda ta juye madara gaba ɗaya kada ta zo ta ce littafi ne bai yi bayani ba, ga shi nan an rubuta har sau nawa. Sauri ya haifi nawa.

To, in kuma ya riga ya faru, ba a zubarwa. Sauke tukunya, ɗora rariya a kan kwano, juye miyar, ki danna gudajin da bayan cokali har su wuce. Mayar cikin tukunya ki ci gaba. Gobe ki gwada kuma, ludayi ɗaya-ɗaya. Karo na biyu ya fi na farko sauƙi nesa ba kusa ba.

Bayan madara ta shiga duka, ki bar shi a wuta kaɗan minti 4 zuwa 5, kina juyawa, har ya fara ɓul-ɓul a hankali. Gwaji: tsoma cokali, ki juya bayansa, ki ja layi da yatsa. Idan layin ya tsaya bai rufe ba, ya yi. Kaurin kunun gyaɗa ake nema. Kada ki bar shi ya fi haka, don cuku zai ƙara masa.

Tambaya: ludayi nawa ake zubawa a lokaci guda? Me za ki yi idan ya dunƙule a zubin farko? Rubuta amsa.

Darasi na 4: Zuba cuku

Sauke tukunya daga wuta. Ƙasa za ki ajiye ta. A kurfoti musamman, rage wuta bai isa ba. Jira minti 1 ɓul-ɓul ɗin ya tsaya.

Fara da masu kusurwa uku idan akwai, ki juya su narke. Sai gogaggen cuku, cikin tafin hannu ɗaya, ki juya ya ɓace, sannan ki ƙara wani. Tsarin madara ne dai aka sake. Cuku idan ya tafasa yana tsinkewa, mai ya taso sama, ƙasa ta yi tsaki-tsaki kamar yashi, kuma wannan ba ya gyaruwa sosai. Zafin miyar kaɗai ya ishe shi.

Saka masoro. Ɗanɗana kafin ki ƙara gishiri, domin cuku da bota duk da gishirinsu suke zuwa. Dunƙulen magi in ya zama dole, rabi ya isa. Juye makaroni, ki gauraya. Idan ya yi kauri, ƙara ruwan dahuwar da kika ajiye, cokali 2 a lokaci guda. Ya fi kyau ya ɗan yi ruwa a tukunya, don kafin a kai faranti zai kama jikinsa. A ci da zafi.

Darasi na 5: Ragowa

Abincin madara ba ya jure zafin Kano. Kada ya wuce awa 2 a waje. Idan wutar lantarki na tsayawa, zai kwana 2 a firij cikin roba mai murfi. In ba ta tsayawa, ki dafa daidai ci. Wajen ɗumame, zuba madara cokali 3, wuta kaɗan, kina juyawa har ya yi zafi ko'ina.

Darasi na 6: Ƙari

Ana iya saka dafaffen naman kaza da aka zazzare, ko dafaffen karas, ko ɗan yaji a kai. A ƙarshe ake sakawa.

Aikin gida: idan mutum 8 za su ci, rubuta awon kowane abu. Ki kawo littafinki ranar Litinin.