Yadda za ka saita manhajar kashiya ta karɓi biyan bil ta sikana

1. Jona sikanar da kwamfuta ta USB. Buɗe Notepad ka haska lambar zane-zanen da ke jikin bil. In lambobi sun fito, tana aiki.

2. A littafin sikanar, haska lambar da ke sa ta danna Enter bayan kowane karatu.

3. Shiga saitin manhajar da izinin manaja, ka buɗe nau'in biya: wuta, ruwa ko haraji.

4. Nan ake tafka kuskure. A cikin lambobin da sikanar ke karantowa daga bil, nuna wa manhajar inda lambar asusu ta fara da inda ta tsaya, sannan gurbin kuɗi. In lambobi biyun ƙarshe na kuɗin kwabo ne, ka manta ka nuna mata haka, naira 5,000 za ta zama 500,000.

5. Kunna gargaɗin biya sau biyu, ka gwada bil ɗaya, ka duba rasit.