Kurakuran da aka fi yi wajen sassaƙa sanda da busar da ita

A ƙasar Maradi ba rashin bushewa ke lalata sanda ba, saurin bushewa ne. Mutum ya sari reshe mai kyau, ya fere ɓawonsa tas, ya jingina shi da katanga a tsakiyar rana wai don ya bushe da wuri. Kafin mako ya zagayo sanda ta dare tun daga gindi. Dalili kuwa, ɗanyen itace cike yake da ruwa. Idan bayansa ya bushe ya tsuke alhali cikinsa yana nan jiƙe, dole ya tsage. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana zuƙe ruwan duk abin da ta samu, a Afrilu da Mayu kuma zafi ya haura digiri 40. Duka biyun babu mai yi wa ɗanyen itace sauƙi.

Maganinsa a bar wa sanda ɓawonta, shi ne rigar da ke hana ruwa fita da gaggawa. A ajiye ta cikin inuwa inda iska ke ratsawa, kamar zaure ko ƙarƙashin rumfa, amma ba dab da rufin kwano ba. Bakin sara, wato sama da ƙasa, ta nan ruwa ya fi gudu, shi ya sa tsaga ke farawa daga can. A narka kakin zuma a toshe su, in babu a shafa fenti mai kauri. Kuma tun a daji a saro ta da rarar tsawon tafin hannu ta kowane gefe, don in bakin ya tsage a datse shi ba tare da an ci jikin sanda ba. Masu aunawa su yanke daidai tun tana ɗanya su ne ke ƙarewa da sandar yara.

Jinginawa ma kuskure ne. Ɗanyar sanda da aka jingina a kusurwar ɗaki nauyinta kaɗai ya isa ya lanƙwasa ta, ta bushe a haka. A rataye ta da igiya jikin azara, ko a haɗa huɗu ko biyar a ɗaure su tamau da wata miƙaƙƙiyar sanda busasshiya. Sai a yi haƙuri na watanni. Wadda aka sara bayan kaka, gara a ƙyale ta har ƙarshen bazara, mai kauri kuwa ta zagayo shekara. Mai son tabbatarwa ya riƙa ɗora ta a sikeli lokaci zuwa lokaci, in nauyinta ya daina raguwa ta bushe. Tsofaffin masassaƙa ba su da sikeli, ƙwanƙwasa ta suke yi a ƙasa: busasshiya tana amo, ɗanya sai dai a ji dum.

Wani tun a zaɓen itace yake ɓata aikinsa. Zogale da tumfafiya da dashi duk laushi gare su, ba abin dogarawa ba ne. Dargaza da geza da magarya da ɗunɗu suna da ƙwari kuma suna ɗan lanƙwasa kafin su karye. Marke da aduwa ma suna yi. Ƙirya ta fi su tauri, amma nauyinta ya yi wa hannun tsoho yawa, a bar ta ga masu turmi. Bedi ga shi nan ko'ina cikin gari, gara ma ba ta cika son sa ba. Busasshen reshe da aka tsinta a ƙasa kuwa a duba shi da kyau: in akwai 'yan huji suna zubar da gari, ƙwari sun riga sun cinye cikinsa.

Sara a damina ba shi da kyau, lokacin itace ya sha ruwa ya ƙoshi. Kuma ba sai an kayar da bishiya ba. Sassabin zamani da ya faro a nan yankin Maradi cikin shekarun 1980 ya sa manoma suna barin tohon kututture su riƙa rage masa rassa, kuma cikin waɗannan rassan ake samun miƙaƙƙun sanduna. Wanda ya shiga dajin Baban Rafi da adda ba izini, ko ya taɓa gawo, shi da ma'aikatan gandun daji ne, dokar daji ta 2004 tana nan.

Miƙar da sanda tana ɗanya wahalar banza ce, za ta koma yadda take. Sai ta bushe ake yi. A shafa wa wurin da ya karkace ɗan mai, a riƙa juya shi bisa garwashi har ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, sannan a danna a gwiwa ko a saƙala cikin gwafar itace, a riƙe har ya huce. Garwashi na ce, ba harshen wuta ba. Inda ya ƙone ya yi baƙi, nan za ta karye ranar da aka fi bukatarta.

Bayan an fere an kankare da fasasshiyar kwalba sai mai. Makiyaya man shanu suke shafa wa sandunansu kaɗan-kaɗan, a kai a kai, har su yi ja suna sheƙi. Man kaɗanya ma yana yi. Kuskuren shi ne a laɓta da yawa rana ɗaya, ko a shafa tun itace bai bushe ba, ruwa ya kulle ciki ta yi funfuna. Man gyaɗa, duk da arzikinmu ne, yana danƙo ya kwashi ƙura ya kira kiyashi. Baƙin man inji da wasu ke zubawa don korar gara bai dace da abin da hannu zai wuni riƙe da shi ba.

Tsawo kuma ba da ido ake yanke shi ba. Mai sandar ya tsaya da takalminsa, hannu a sake, kanta ya zo daidai wuyan hannunsa. In ta fi haka kafaɗa za ta sha wahala, in ta gaza ya riƙa tafiya a duƙe. Wannan na sandar dogarawa ne, ta kiwo tsawonta daban. Kan da aka haɗa da ƙusa ba ya daɗewa, ya fi kyau a nemi reshe mai lanƙwasa ta halitta ko a tono shi da saiwarsa. A gindi, zoben ƙarfe na maƙera yana hana tsagewa kuma ya dace da yashi, amma bisa siminti ko daɓen masallaci santsi gare shi. In dattijon cikin gari za a yi wa, a yanko tsohuwar taya a sa mata, in ta cinye a sake wata.