Yadda za ka fitar da ɗan haya da ya ƙi tashi alhali kana ƙasar waje

Mutum yana Jidda ko Landan ko Dubai yana nema, ya tara ya gina gida a Kubwa ko Hotoro, ya zuba 'yan haya. Shekara ta zagayo babu kuɗi, an ce wa ɗan haya ya tashi, ya ce babu inda za shi. Abin da aka saba yi shi ne a ɗaga waya a kira ƙane ko dillali a ce, "Je ka fitar min da shi." To daga wannan kiran ake ɓata magana. Nisan da kake ba ya hana ka karɓar gidanka. Abin da ke kayar da masu gida a kotu shi ne wakilin da ba shi da takarda, da kuma gaggawa.

Bayanin da ke tafe ya dogara ne da dokar karɓar gida daga ɗan haya da ake aiki da ita a Abuja. Kowace jiha tana da tata, kuma yawancinsu tsarinsu ɗaya ne, sai dai a ɗan sha bamban a wa'adi da kotun da ke da hurumi.

Da farko, hana mutanenka taɓa gidan

Kafin komai, ka ja kunnen duk wanda ke kula maka da gidan. Kada a cire kwano ko ƙyaure, kada a sa kwado, kada a yanke wuta ko ruwa, kada a watso kaya waje, balle a ɗauko 'yan daba. Ko shekara biyu ɗan haya ya yi bai biya ba, doka ba ta ba ka damar fitar da shi da ƙarfi ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Ihenacho da Uzochukwu ta 1997: mai gidan da ya ɗauki doka a hannunsa ya shiga hurumin ɗan haya, kuma za a iya cin sa diyya. A Legas abin ya wuce diyya, domin dokar haya ta 2011 ta tanadi tarar da za ta iya kai naira 250,000 ko ɗaurin wata 6. Sai ka ga wanda kake bi bashi ya koma yana bin ka.

Kai ƙara caji ofis ma ɓata lokaci ne. Rikicin haya ba laifi ba ne, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya. Ranar 'yan sanda tana zuwa, amma sai can ƙarshe.

Na biyu, yi takardar wakilci

Nan ne gishirin maganar ga wanda ba ya ƙasa. Lauya ko ejan da zai ba ɗan haya notis da sunanka yana buƙatar izininka a rubuce, kuma izinin ya riga notis ɗin kwanan wata. An sha watsar da ƙara saboda wannan kaɗai: lauyan ɗan haya ya miƙe ya ce a nuna takardar da mai gida ya ba wanda ya sa hannu a notis, aka rasa. Saƙon murya na WhatsApp da ka tura wa ƙanenka ba zai tsaya a madadinta ba.

Ka sa lauya a Najeriya ya rubuta takardar wakilci ya turo maka. Ta ambaci sunanka, sunan wakili, cikakken adireshin gidan, da abubuwan da ka ba shi dama: ba da notis, ɗaukar lauya, shigar da ƙara, tsayawa a kotu, karɓar makulli. Ka karanta ta da kyau. Idan ka ga kalmar sayarwa ko jingina ko sauya mallaka, ka ce a cire. Takardar fitar da ɗan haya kake bayarwa, ba ta rabuwa da gida ba, kuma an ga inda mutum ya dawo hutu ya tarar an sayar da gidansa da takardar da shi ya sa wa hannu.

Sa hannun kuwa a gaban notari za ka yi shi, wato jami'i mai hatimin tabbatar da takardu a ƙasar da kake, ko a ofishin jakadancin Najeriya, kamar ƙaramin ofishin Jidda, babban na Riyad, ko na Landan. Sashe na 150 na dokar shaida ta 2011 ya ce kotu za ta ɗauki takardar da aka yi haka a matsayin ingantacciya. Ka aiko da ainihin takardar ta kamfanin aika saƙo, ba hotonta ba.

Wa za ka wakilta? A ganina wanda yake karɓar kuɗin hayar tun farko ya fi dacewa, in dai amintacce ne, saboda shi zai iya ba da shaidar abin da ya gani da idonsa. Wanda aka ɗauko jiya, "an ce min" kawai zai faɗa wa alƙali, ita kuwa kotu ba ta karɓar ji-ta-ji-ta. Amma ka bincika tukuna. Wani lokacin ɗan haya ya biya, kuɗin a hannun ɗan'uwa suka maƙale, shi ya sa yake ta cewa a ƙara haƙuri. Ka kira ɗan hayar da kanka ka ce ya turo rasit.

Na uku, tattara takardu

Yarjejeniyar haya, rasit na ƙarshe, bayanan banki, da saƙonnin da kuka yi musaya. Rashin rubutacciyar yarjejeniya ba ya kashe ƙara, domin yadda ake biyan kuɗin shi ke nuna irin hayar. Saƙonnin waya kuma kotu na karɓa, sai dai akwai takardar tabbaci da sashe na 84 na dokar shaida ya nema, lauya zai shirya ta.

Na huɗu, notis, kuma guda biyu ne

Idan yarjejeniyarku ta faɗi wa'adin notis, shi za a bi. Idan ba ta faɗa ba, doka ta yanka: mai biya mako-mako, mako 1, mai biya wata-wata, wata 1, mai biya duk wata uku, wata 3, ɗan hayar shekara, wata 6. Wanda kuka yi da shi a rubuce cewa shekara ɗaya tak zai zauna, daga rana kaza zuwa rana kaza, ba ya buƙatar wannan notis ɗin idan wa'adin ya cika, muddin ba ka karɓi kuɗin sabuwar shekara ba.

Akwai tarko a hayar shekara. Tsohuwar ƙa'idar da kotuna ke bi ita ce wata shidan su ƙare daidai da ƙarshen shekarar haya. Idan hayar tana ƙarewa 31 ga Disamba, ya kamata notis ya shiga hannun ɗan haya kafin Yuni ya fita. Ka bari sai Satumba, lauyansa zai ce wa'adi bai cika ba. Gaskiya ne a 2021 Kotun Ƙoli, a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes, ta nuna cewa kuskure a notis ba zai zama mafakar ɗan haya ba da zarar an shigar da ƙara. Amma har yanzu lauyoyi na jayayya kan iyakar wannan hukunci, kuma mai zaune a wata ƙasa ba shi da lokacin da zai zama abin gwaji. A yi lissafin daidai tun farko. Sauri ya haifi nawa.

Wa'adi ya cika bai tashi ba, sai notis na biyu: na kwana 7, mai sanar da shi cewa mai gida zai je kotu. Cikakkun kwana bakwai ake nufi, ban da ranar da aka miƙa takardar. A ba shi hannu da hannu ya sa hannu a kwafi. Idan yana ɓuya, a liƙa a ƙofa, a ɗauki hoto, wanda ya liƙa ya kasance mai iya zuwa kotu ya yi rantsuwa.

Ga inda masu zaman waje suka fi faɗawa: ɗan haya ya san lambar asusunka, wa'adi na cika sai ka ga alat. Idan ka riƙe kuɗin a matsayin hayar gaba, zai ce kun ƙulla sabuwar haya, a koma farko. Ka sanar da lauyanka nan take, shi zai rubuta ko dai a mayar, ko a bayyana cewa bashin baya aka karɓa.

Na biyar, gwada sulhu yayin da kwanaki ke tafiya

Watanni shida ba na zama ba ne. A sa mai unguwa ko limami ko wani da ɗan hayar ke jin kunyarsa. Abuja da Kano duk suna da cibiyar sasanci a ƙarƙashin babbar kotu. Sau da yawa mutumin ba taurin kai ne da shi ba, kuɗin kama wani gida ne babu. Yafe masa bashin wata uku ya ba da makulli ranar da aka sa ya fi maka arha a kan shekara guda ta kuɗin lauya da gida ba ya kawo komai. Duk abin da aka daidaita a rubuta, da rana, da shaidu. Kuma kada a dakatar da notis don ana sulhu.

Na shida, kotu

Da sunanka za a shigar da ƙara, ta hannun wakilinka. A Abuja ƙaramar kotun gunduma ce ke sauraro, sai idan kuɗin sun wuce huruminta a tafi babbar kotu. A nemi abu uku a ƙara ɗaya: gidan, bashin haya, da kuɗin zaman da ya yi tun daga ranar da hayar ta ƙare har ya fita. Ba lallai ka zo ba. Idan shaidarka ta zama dole, lauya na iya roƙon a saurare ka ta bidiyo, amma alƙali ne ke da ikon amincewa.

Ka shirya wa ɗage zama. Ka riƙe lambar ƙarar, kuma bayan kowane zama ka nemi lauya ya faɗa maka abin da aka yi da ranar da aka ɗage zuwa. Kuɗin aikinsa a biya kashi-kashi, ta banki.

Na bakwai, fitarwa

Alƙali yakan ba ɗan haya wa'adin kwashe kaya. Idan ya wuce bai tashi ba, kuma bai samu umarnin dakatar da hukunci ba, lauya zai nemi takardar izinin karɓar gida. Ma'aikatan kotu ne za su fitar da shi, 'yan sanda su raka su don tsaro. Wakilinka ya tsaya a wurin, a rubuta kayan da aka fitar, a ɗauki bidiyon kowane ɗaki, a karanta mitar wuta, a canja makullai a ranar. Bashin da kotu ta yanke kuwa ba ya faɗuwa don ya fita, ana iya neman kotu ta kama kayansa ko kuɗinsa na banki, don haka a san inda ya koma kafin motar kayan ta bar layin.